Tseren mita 800 da 1500: amsar tambayoyin yaranmu na zango kan tirenin ɗin manya

Duk shekara in aka gama Inta-ko, gasar makarantun sakandare, a filin Baba Yara na Kumasi sai ka ga yaran Aboabo da Asawase da Sawaba sun tashi da zafinsu, kowa so yake ya zama Rudisha kafin babbar sallah, asuba na yi sun hau kwalta suna ta kashe kansu da gudu. Tambayoyin da suke min kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na ce bari in tara su waje guda in amsa.

Yaya, wai mita 800 gudun sauri ne ko na juriya?

Duka biyun ne ƙanena, kuma shi ya sa yake da wuya. David Rudisha na Kenya ya yi 1:40.91 a Olimfik ɗin Landan a 2012, in ka raba za ka ga kowace mita 100 yana cinye ta a wajen sakan 12.6, sau takwas a jere ba tsayawa. Je ka gwada guda ɗaya tak a wannan saurin ka ji. Shi kuma Hicham El Guerrouj na Maroko 3:26.00 ya yi a mita 1500 a Roma tun 1998, wato kowane zagaye ɗaya na fili wajen sakan 55. Toh amma duk da wannan saurin, fiye da rabin ƙarfin da jiki yake ƙonawa a 800 daga iskar da kake shaƙa yake zuwa, a 1500 kam ya fi haka nesa. Saboda haka mai sauri kawai zai jagoranci zagayen farko ana masa ihu, a mita 200 na ƙarshe ƙafa ta zama gungume kowa ya wuce shi, mun sha gani a Baba Yara.

Tsere na minti biyu ne, me ya sa za a ce in yi gudun awa ɗaya a hankali?

Wannan gardamar ta girme ni da kai. Akwai wani koci ɗan Niyu Zilan, Arthur Lydiard, shi cewa ya yi kafin ka taɓa gudun sauri sai ka yi watanni kana tara dogon gudu, har mil 100 a sati, wajen kilomita 160 kenan, bayan nan a koma hawan tudu, sai can kusa da gasa a shiga fili a wasa sauri. Mutane suka ce ai wannan tirenin ɗin 'yan gudun fanfalaki ne ba na ɗan 800 ba, sai ga yaronsa Peter Snell ya ci zinaren 800 a Roma 1960, ya dawo Tokyo 1964 ya haɗa 800 da 1500 ya kwashe duka.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, Sebastian Coe na Ingila wanda babansa Peter Coe ne kocinsa. Su ba su yarda da tara kilomita barkatai ba, sun fi ba da ƙarfi wajen gudu a sauri daban daban cikin sati, yau saurin 400, gobe na 1500, wata rana na 5000, ga ɗaga ƙarfe da motsa jiki a jim. Shi ma ya yi 1:41.73 a 1981, ya ci zinaren 1500 sau biyu, 1980 da 1984. Kwanan nan ma Keely Hodgkinson da ta ci 800 a Faris 2024 ba ta yawan kilomita, tana cike gurbin da keke da ninƙaya.

Abin da nake so ka riƙe shine hanyoyin sun bambanta amma ba wanda yake gudu iya ƙarfinsa kullum a cikinsu, ko ɗaya. Gudun a hankalin nan da kuke rainawa shi yake ƙara wa zuciya yawan jinin da take turawa a bugu ɗaya, ya ƙara ƙananan jijiyoyin jini a cikin tsoka, shi yake sa ka farfaɗo da wuri bayan ranar wahala. In kana gudun kuma ba ka iya yi wa abokinka hira ba tare da haki ba to ba a hankali kake ba, rage. Matsalar yaranmu dai gasa, an fita mutum biyar don a sassarfa kawai, kafin a kai Oforikrom an mayar da shi tsere saboda ba mai son a ce shi ne na baya.

Na ga Jakob Ingebrigtsen ɗan Norwe a YouTube ana tsaga masa yatsa a tsakiyar tirenin, mene ne wannan?

Jininsa ake aunawa. In ka ƙara sauri akwai wani sinadari da ake kira laktet da yake taruwa a jini, jiki yana iya kwashe shi har zuwa wani mataki, in ka wuce wannan matakin sai ya fara taruwa fiye da yadda ake kwashewa, daga nan kuma gajiya ta zo da gaggawa. Su 'yan Norwe dabararsu ita ce su tsaya dab da wannan iyakar ta ƙasa, kar su tsallaka. Ana ɗiga jini a wata 'yar na'ura kamar ta masu ciwon suga, in lambar ta haura wajen 4 sai a ce masa ya sassauta, ka ji fa, na'urar aikinta ta hana shi sauri ne. Tunda bai ƙona kansa da safe ba sai ya iya dawowa da yamma ya sake wani zubin, misali da safe gudun minti shida shida sau biyar, da yamma mita 400 sau ashirin ko fiye da ɗan gajeren hutu, kwana biyu a sati, ranar Asabar kuma hawan tudu na mita 200 ana maimaitawa. Marius Bakken, wani tsohon ɗan tseren ƙasarsu ne ya fara daidaita tsarin, baban Jakob wato Gjert ya ɗora 'ya'yansa a kai, Jakob ya ci zinaren 1500 a Olimfik ɗin Tokyo a 2021 da 3:28.32.

Amma don Allah kar ka kwafa. Yaron nan tun yana ƙarami yake gudu, yana yin sama da kilomita 150 a sati, jikinsa ya ɗauki shekaru yana sabawa. Kai da kake yin 30 in ka ce za ka yi sau biyu a rana ƙashin ƙwauri ne zai fara yi maka magana. Abin da za ka ɗauka a wajensa ba ya buƙatar na'ura: sau ɗaya a sati ka yi gudu mai ɗan nauyi wanda za ka iya faɗin kalma uku huɗu a ciki amma ba doguwar hira ba, kuma ka tashi daga tirenin ɗin kana jin da an ce ka ƙara biyu za ka iya.

To satin nawa ya zan tsara shi?

Ga ɗan sakandare kwana biyu masu wuya sun isa, uku in gasa ta matso, kuma kar su biyo juna. Ɗaya irin wanda na faɗa yanzu, ɗaya a fili ko a tudu da saurin tsere, kamar mita 200 ko 300 ana hutawa sosai a tsakani. Sauran kwanakin a hankali, a ƙarshe ka ɗan ware ƙafa mita 80 sau huɗu biyar don kar sauri ya kwanta, ƙarshen sati dogon gudu, kwana ɗaya hutu cur. In kana buga ƙwallo a unguwa ka lissafa ta a cikin ranakun wuya, kar ka ce ai wasa ne.

'Yan Kenya tsauni ne yake taimakonsu, mu da ba mu da shi fa?

Gaskiya yana taimako. Iten, garin 'yan tsere a Kenya, tana wajen mita 2400 sama da teku, iskar can ba ta ƙosar da huhu kamar ta nan, sai jiki ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyin jini, amma sai an zauna makonni uku huɗu kafin a ga amfanin. Mu Afadjato da yake cikin tsaunukan da suka fi tsawo a Gana bai kai mita 900 ba, don haka zuwa Kwahu ko Aburi zai ba ka tudun hawa da sanyin safiya ne kawai, jinin ba zai canza ba. Sai dai ni a ganina an cika ɗora komai a kan tsaunin. A Iten da Kaptagat mutane suna fita rukuni rukuni a kan jar ƙasa mai laushi, su ci su kwanta su yi barcin rana, ba abin da suke yi sai wannan. Jar ƙasa kam muna da ita, ku bar kwalta ku nemi hanyar ƙasa ko ciyawar fili, wajen jami'ar KNUST akwai wuri. Zafinmu ma in an saba da shi a hankali yana ƙara ruwan jini, amma ba a ce ka fita ƙarfe ɗaya na rana ba.

Dole ne koci ya zama tsohon zakara?

A'a. Brother Colm O'Connell da ya horar da Rudisha ɗan Ailan ne, ya zo makarantar St Patrick's ta Iten a 1976 don ya koyar da labarin ƙasa, bai san komai a harkar tsere ba, a wajen yaran ya koya. Peter Coe injiniya ne. Patrick Sang kocin Faith Kipyegon shi kam ya yi tsere har ya ci azurfa a Olimfik 1992. Abin dubawa a koci shine ido, ya kalli yadda ka shigo fili ya gane jiya ba ka yi barci ba ya rage maka aikin yau. Wanda duk ranar Allah sai yaro ya yi amai sannan zai ce an yi tirenin, ko yake sa ɗan shekara 14 aikin ɗan 24 don ya ci kofin makaranta bana, ku guje shi ko da ya taɓa zuwa Olimfik.

Malam, mu mata fa, tirenin ɗin ɗaya ne?

Tsarin ɗaya ne ƙanwata. Martha Bissah tamu ta Gana ta ci zinaren 800 a Olimfik ɗin matasa a Nanjing ta ƙasar Sin a 2014, Kipyegon kuma ta haihu a 2018 ta dawo ta ƙara zinare biyu a kan na 2016. Abin kula shine ƙarancin jini, in kina gajiya ba dalili a je asibiti a auna, in al'ada ta ɗauke kuma alama ce abinci bai kai aikin ba, ba abin murna ba ne. A ci wake, kifi, hanta, ganye, kar a rage tuwo don wai a rame.

Da azumi a daina ne?

Ba sai an daina ba, a rage. Sassarfa kaɗan dab da magariba yadda kana gamawa za ka sha ruwa, mai wuyan kuma a bar shi sai bayan tarawi in abinci ya faɗa. Ba watan neman sabon rikod ba ne.

Wani ya ce in na sha tiramol ba zan ji zafin zagaye na biyu ba, gaskiya ne?

Wanda ya faɗa maka ba masoyinka ba ne. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta tramadol a lokacin gasa, in aka same shi a fitsarinka dakatarwa ce, kuma ba a ɗaga wa kowa ƙafa, Asbel Kiprop mai zinaren 1500 na 2008 shekara huɗu aka ba shi saboda EPO, wani maganin ƙara jini da aka haramta. Banda wannan ma, ƙwayar tana rufe ciwon da ya kamata ya tsayar da kai, ka yi ta gudu a kan tsagaggen ƙashi ba ka sani ba, ga kama jiki, kuma duk mun san yaran da ta mayar abin tausayi a unguwannin nan. Zafin mita 200 na ƙarshe da tirenin ake saba masa, irin su mita 300 sau uku da cikakken hutu a makonnin dab da gasa, kuma ko maganin mura za ka sha kafin tsere ka nuna wa likita kwalin tukuna.