Yadda kwanciyar kare ke sauya abin da hoton ƙirjinsa yake nunawa

An ce a ɗauki hoton X-ray na ƙirjin karena har kala uku. Ɗaya bai isa ba?

Sau da yawa bai isa ba. Idan kare ya kwanta ta gefe, nauyin jikinsa yakan danne huhun da ke ƙasa, iskar ciki ta ragu, huhun ya fito fari-fari a hoto. Ƙari, wato tsiron ciwo, shi ma fari yake fitowa, sai ya saje, kamar farin zare a kan farin ƙyalle. Huhun da ke sama kuwa cike yake da iska, baƙi, sai ciwo ya fi fitowa fili. Ke nan kwanciyar dama huhun hagu take bayyanawa, ta hagu kuma na dama. Shi ya sa idan ana zargin sankara ta yaɗu zuwa huhu ake ɗaukar dama, hagu, sannan rigingine ko rub da ciki. Haka karen da amai ya sarƙe shi: sau da yawa ciwon a sashen tsakiya na huhun dama yake sauka, kuma kwanciyar hagu ce ke tona shi.

Rigingine ko rub da ciki, wanne ya fi?

Rub da ciki ya fi nuna zuciya a mazauninta da jijiyoyin jinin huhu na baya. Karen da numfashi ke yi wa wuya kuwa, ba a kwantar da shi rigingine, don numfashi na iya gagararsa. Gara hoto mai ɗan nakasu da rasa karen.

Me ke sa zuciya ta yi kamar ta kumbura alhali lafiya lau take?

Karkacewa. Dole ƙashin ƙirji ya hau daidai kan ƙashin baya a hoton rigingine; a na gefe kuma akan tokare ƙirjin da soso, a janye ƙafafun gaba kada tsokarsu ta rufe huhu. Sannan a ɗauka lokacin da ya ja numfashi ya cika. Ma'aunin da likitocin dabbobi Buchanan da Bücheler suka fitar a 1995, wanda ke gwada girman zuciya da gaɓoɓin ƙashin baya, matsakaicinsa ga lafiyayyen kare tsawon gaɓoɓi 9.7 ne, amma karkataccen hoto yakan ɓata lissafin.

In an yi masa allurar barci fa?

A fara da rub da ciki ko rigingine, kafin doguwar kwanciyar gefe ta danne huhu ɗaya.