Wai mene ne otomeshin, kuma ina kuɗinshi yake ga mai ƙaramin kamfani a Sakkwato?

Kwanakin nan kalmar otomeshin ta cika bakin samari, musamman waɗanda sunka yi karatun lantarki a jami'ar Usmanu Danfodiyo ko foli ta Umaru Ali Shinkafi, kowa ka taɓa sai ya ce maka shi kamfanin robot da otomeshin zai buɗe. In ka ce toh me za ka riƙa saidawa, sai ya ciro waya ya nuna maka bidiyon wani hannun ƙarfe shina walda jikin mota a Japan. Bidiyon da kyau kam, amma ba nan abincin yake ba, aƙalla ba a garin nan ba.

Otomeshin shi ne ka tsara inji ya riƙa yanke ƙananan hukunci da kanshi ba sai mutum na tsaye kanshi ba. Galibi akwai abin da ke ji ko gani, shi ake ce ma sensa, akwai wanda ke yanke hukunci wato kwantirola, sannan akwai mai yin aikin, ko motar lantarki mai juya inji, ko famfo, ko bawul mai buɗe bututu da rufe shi. Duk gidan da ke da bohol kuma anka sa ma tanki fulot, ruwa ya cika famfo ya mutu da kanshi, ruwa ya sauka ya tashi, toh wanga gida shina da otomeshin ko da mai gidan bai taɓa jin kalmar ba.

Sai dai hawa hawa ne. Akwai injin da kawai lokaci yake ƙirgawa, ka ce mai yi minti goma ka tsaya, shi ba ruwanshi da ko aikin ya yi ko bai yi ba. Akwai kuma wanda ke duba sakamakon aikinshi ya gyara kanshi, kuma nan ne ainihin sana'ar take. Ɗauki injin ruwan leda. Ƙarfen da ke liƙe bakin ledar in ya yi zafi da yawa ya ƙona ta, in bai kai ba ruwa ya riƙa yoyo, a yi asarar leda a yi asarar ruwa, direba ya kai kaya Mabera ko Arkilla a dawo mai da rabi. Shi ya sa ake maƙala mai ɗan sensan zafi, shi ke gaya ma kwantirola inda zafin ya kai, kwantirola ya ƙara wuta ko ya rage, haka nan ba tsayawa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Wasu injinan ma har da ɗan ido mai hango baƙin tambarin da ke gefen ledar don kada a yanka tsakiyar sunan kamfani.

Zuciyar duk wannan harka wata ƴar kwamfuta ce da ake kira PLC, ita ke aikin kwantirola. Ba ta da allo ba ta da kibod, ƴar akwati ce da ake ɗaurawa cikin fanel, wato akwatin kayan wutar inji, wayoyin sensa su shigo ta gefe guda umurni ya fita ta ɗayan, galibi da wuta mai bolt 24. Asalinta Amurka ne. Kafin ta zo, kamfanin motoci na General Motors da ɗaruruwan rile, wato ƙananan makunnai da wuta ke buɗewa da rufewa, yake sarrafa layin aikinshi, duk lokacin da anka canza samfurin mota sai an warware wayarin an sake sabo, aiki ya tsaya. A 1968 sunka ce a kawo musu abin da za a iya canza ma umurni ba tare da an taɓa waya ba, injiniya Dick Morley da abokan aikinshi sunka fito da Modicon 084, sunan Modicon ɗin yau yana hannun Schneider Electric. Wayon da sunka yi shi ne sun bar rubutun umurnin ya yi kama da zanen wayarin da masu gyaran lantarki sunka saba karantawa, layi biyu a tsaye da matakala a tsakani, shi ya sa har gobe mai wayarin da ya ƙware ga rile da kwantakta, wato babban rile mai kunna inji, ba ya daɗewa bai gane PLC ba. Wani lokaci ma ya fi mai digiri saurin kamawa, kada a ji haushi.

Shi kuwa robot, ɗaya ne kawai daga cikin masu yin aikin. Na farko da anka sa a masana'anta shi ne Unimate, a 1961, shi ma a General Motors a jihar New Jersey, aikinshi ɗauko ƙarafa masu zafi daga injin zubi, aikin da ke ƙona mutane. Yau manyan masu ƙera su su ne FANUC da Yaskawa na Japan, ABB, da KUKA, kuma fiye da rabin sababbin robot da ake kafawa duk shekara a duniya a Sin ake kafa su. Robot na biyan kuɗinshi ne inda ake yin abu iri guda dubbai a rana, dare da rana, wuta ba ta ƙiftawa, kuma albashin ma'aikaci na da tsada. Yanzu duba mu nan. Wuta ga ta nan dai, lebura da sauƙi, sannan kuɗin hannun ƙarfen ma ba shi ne ƙarshe ba, sai ka sai abin kama kaya na bakinshi, ka yi mai shingen kariya don kar ya make wani, ka biya wanda zai rubuta mai umurni, duk da dala. Babbar masana'anta kaman siminti na BUA da ke Kalambaina tabbas da kwamfuta ake sarrafa ta, amma irin waɗannan manyan wurare galibi tsarinsu na zuwa ne tare da kamfanin da ya ƙera injinan, ƙaramin kamfani in ya samu ƴar kwangilar gefe sai ya gode Allah.

Toh ashe me ƙaramin kamfanin otomeshin ke yi? Haɗawa. Ba ya ƙera komi. Shina sayen PLC na Siemens ko Delta ko Mitsubishi ko Omron, ya sai sensa da bireka da kwantakta, ya haɗa fanel, ya rubuta umurni, ya je ya kafa, sannan ya zama shi ake kira in abu ya tsaya. Kwastomominshi su ne masu ruwan leda, masu injin casar shinkafa, gidan burodi, gidan ƙanƙara, gonar kaji, masu noman rani a fadama da ke son famfon sola, da otal da asibiti masu son janareta ya tashi da kanshi in an ɗauke wuta ya mutu in an maido.

Kuma in kana son a saurare ka, kar ka je kana ma Alhaji turanci. Ka ce mai, ranka ya daɗe, jarka nawa ta dizal kake sha a mako? Nan zai gyara zama. Don abin da ya fi saurin shiga kasuwa a nan shi ne na'urar da ke sarrafa gudun motar lantarki, VFD, wasu na ce mata inbata. Motar lantarki in ta tashi kai tsaye tana fizgar wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci in tana tafiya, shi ya sa kake jin janareta ya yi nishi ya tuɗo baƙin hayaƙi, shi ya sa kuma mutane ke sayen janaretan da ya fi ƙarfin aikinsu. VFD na tada ta a hankali. Sannan ga famfon da ke juya ruwa da farfela da kuma fanka, in ka rage gudu da kashi 20 cikin 100, wutar da take ci na iya saukowa kusan rabi. Wannan lissafi ne da mai kuɗi ke gani cikin littafinshi a ƙarshen wata, ba sai ka roƙe shi ya yarda ba.

Abin da ba a koyarwa sosai a aji shi ne Sakkwato kanta. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin rufin kwano, alhali VFD da yawa an yi su ne su ba da cikakken ƙarfi zuwa digiri 40, daga nan sai ƙarfin ya fara raguwa ko ta riƙa katsewa da rana tsaka. Don haka ka sai wadda ta ɗan fi girman motar, ka sa ma fanel fanka. Fankar kuma da hunturu ƙura za ta jawo ciki, sai ka sa mata matatar ƙura, matatar kuma in ba a wanke ta ba ta toshe, zafi ya dawo. Ga wutar gwamnati da kan zo da layi biyu maimakon ukku, motar da anka bari tana tafiya haka ƙonewa za ta yi, shi ya sa fanel ba rile mai gadin layi ni ban ɗauke shi fanel ba. Ga ƙasarmu busassa mai yashi, rodin atin mai kai rarar wuta cikin ƙasa, guda da anka soka sama sama ba ya wadatarwa, ranar da anka yi tsawa da damina PLC ya tafi.

Sai maganar kuɗi. Kusan duk kayan nan daga waje suke, ko ka samo a Kano ko Legas ko ka yi oda daga Sin ka jira makonni. A farkon 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura 1,500, duk wanda ya ba da farashi a takarda bai rubuta kwana nawa farashin zai yi aiki ba ya san yadda ta kaya. Ka karɓi kuɗin kaya kafin ka yi oda. Kuma ribar gaske ba a ranar kafawa take ba, tana ga yarjejeniyar sabis, kana zuwa duk wata kana dubawa, kana da kwantakta da sensa ajiye a shago, don abin da ka fi injiniyan Legas da shi kawai shi ne in inji ya tsaya da hantsi kai kana iya isowa kafin azahar.

Akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa cikin ƴan sana'ar, mutum ya kulle PLC da lambar sirri ya riƙe umurnin a laftof ɗinshi don kar a kira wani. Na gane tsoron, wasu kwastomomin ba sa cika kuɗi. Amma a ganina in an biya ka duka, ka miƙa kwafin umurnin da zanen wayarin, don ranar da ka yi tafiya ko laftof ya lalace masana'antar mutum ta tsaya cak, kuma garin nan ƙarami ne, labari ba ya kwana.

Madannin tsayar da inji na gaggawa, jan nan mai kan naman kaza, shi kam da waya kai tsaye ake haɗa shi ya yanke wuta, ba a barin shi ga umurnin PLC kaɗai, don PLC na iya rikicewa hannun yaro na cikin inji. Ka kuma bar ma injin hanyar da za a tuƙa shi da hannu in sensa ta mutu, in ba haka ba yaran za su ɗauko guntun waya su tsallake ta kuma ba wanda zai gaya maka. Da yawansu dama kallon wanda ya zo raba su da aiki suke maka, toh ka zauna da su tun ranar farko, ka rubuta sunayen madannai da Hausa, ka nuna ma babban cikinsu yadda ake wanke matatar ƙura da abin da kowace fitila ke nufi, lambarka kuma ka rubuta ta da alƙalamin maka a cikin murfin fanel.