In aka ce likitan tiyata ya tafi kwas

Jama'a akwai gunagunin da muke yawan ji daga ƴan jinya a imajansi, wai babban likita ya tafi kwas, ko wai an kawo wani yaro zai yi ma ɗan'uwansu aiki, su dai konsoltan suke so. Wallahi da kun san yadda abin yake da kun sassauta.

Aikin wanda aka harba ko wanda ya yi hatsari a hanyar Gusau zuwa Funtuwa ba irin aikin gwaiwa ba ne da ake sa ma rana. Jini na zuba ta ciki, numfashi na sarƙewa. Hannun da ya daɗe bai soka roba a ƙirji ya fidda jini ko iskar da ta danne huhu ba yana sanyi, ko na farfesa ne. Shi ya sa kwas ɗin ATLS na koyon ceto ran wanda ya ji mummunan rauni, wanda ya samo asali daga hatsarin jirgin da likita James Styner ya yi da iyalinshi a Nebraska ta Amurka a 1976, satifiket ɗinshi shekara 4 yake yi sai an sake. Mutum-mutumin roba ake kwantar maka, a ce ga shi ya faɗo daga mashin, malami na tsaye da takarda yana duba ko ka fara da hanyar numfashi kafin ka ruga wajen ƙafar da ta karye.

Shi kuwa wanda kuke ce ma yaro cikakken likita ne, ƙwarewa yake nema ƙarƙashin kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma ko ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas. Yana da littafi, duk aikin da ya shiga sai an rubuta, taimakawa ya yi ko shi ya riƙe wuƙa, maigidanshi ya sa hannu, in littafin bai cika ba babu zancen jarrabawa. Lasisi ma duk shekara ake sabuntawa a MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci a Najeriya, sai da shaidar ƙaro ilimi.

Ni inda abin ke damuna asibitocin ƙananan hukumomi ne, wani wurin likita ɗaya tal, in ya tafi ba mai riƙe mashi, sai ya haƙura da kwas ɗin, alhali wurinshi ake fara kai masu raunin. Wannan ya kamata mu dinga damun ma'aikatar lafiya da shi.

In za a shiga da naku, ku tambayi wane babba ne ke kula da aikin, haƙƙinku ne. Amma don Allah a sa hannu da wuri, a nemo masu ba da jini, kar a ce sai Alhaji ya iso daga Tsafe.