Koyar da girkin Indiya a kwalejoji

Koyar da girkin Indiya a kwalejoji na nufin yadda ake ɗaukar abincin ƙasar Indiya a mayar da shi darasi mai silabus da jarrabawa da satifiket, maimakon yadda aka saba a da, inda yarinya ke koya a gaban uwarta ko yaro ya koya a ƙarƙashin wani ustaz, wato gwanin kuku, a kicin ɗin masu mulki. A Indiya galibin wannan karatu ana yinsa ne a makarantun koyon aikin otal da ake kira IHM a taƙaice, sai kuma wasu kwalejoji masu zaman kansu. Abu ne da bai daɗe sosai ba, dan bai kai shekara tamanin ba, alhali shi girkin kansa an daɗe ana rubuta shi tun ɗaruruwan shekaru.

Kafin zuwan kwaleji

Rubutattun bayanan girki sun daɗe a Indiya. Akwai littafin Manasollasa da ake dangantawa da sarki Someshvara na Uku a wajen 1130, wanda ya kawo bayanin abincin fada. Akwai Nimatnama na sarkin Malwa, Ghiyath Shah, da aka haɗa a wajen 1500, cike da yadda ake samosa da kayan zaƙi da turare. Sannan Abul Fazl a cikin Ain-i-Akbari, wajen 1590, ya bayyana tsarin kicin ɗin sarki Akbar har da muƙamin shugaban kicin da ake kira mir bakawal da adadin kayan da ake zubawa a wasu girke-girke. Amma fa waɗannan ba littattafan ɗalibai bane, na fada ne, kuma mai girki na gaskiya a lokacin da wuya ma ya iya karanta su.

Yadda ake koyo shi ne tsarin ustaz da shagird, wato malami da almajirinsa. Yaro zai shiga kicin yana ƙarami, ya fara da wanke tukwane da hura wuta, daga nan a ba shi aikin masalchi, mai niƙa kayan ƙamshi a kan dutse, kuma zai iya shafe shekaru a nan kafin a bari ya riƙe ludayi. Kowane fanni da masu shi. Bawarchi shi ke dafa abinci mai yawa, rakabdar na Lucknow shi ne gwanin da ke yi wa nawab, wato basarake, ɗan abinci kaɗan na musamman, halwai shi ne mai kayan zaƙi, waza na Kashmir su ke dafa wazwan na biki wanda cikakkensa ake cewa yana kai kala 36, khansama kuma shi ne kukun gidajen Turawan mulkin mallaka. Sana'ar gado ce, kuma ustazai da yawa ba sa bayyana haɗin kayan ƙamshinsu ko ga almajirin da ya shekara goma tare da su, wani sai ya juya baya sannan ya zuba. Ma'auninsu shi ne andaz, wato ƙiyasi da ido da hanci da tafin hannu. Wannan kalma ta andaz ita ce babbar matsalar da kwaleji ta zo ta tarar kuma har yau ba ta gama da ita ba.

Kafuwar makarantu

Makaranta ta farko ita ce ta unguwar Dadar a Bombay, wato Mumbai ta yanzu, da aka buɗe a 1954 a ƙarƙashin wata ƙungiyar mata mai kula da harkar abinci wadda Lilavati Munshi ke jagoranta. Lokacin Indiya ba ta daɗe da samun 'yanci ba, ana fama da ƙarancin abinci, shi ya sa tun farko aka haɗa karatun da ilimin gina jiki ba girkin otal kaɗai ba. Har yanzu mutane da dama Dadar Catering College suke ce mata.

Sunan da ba a raba shi da wannan makaranta shi ne Thangam Philip, 'yar jihar Kerala da aka haifa a 1921, ta yi karatu a Lady Irwin College a Delhi sannan ta ƙaro a Amurka. Ta zama shugabar makarantar a 1961 ta riƙe har 1986. Ita ce ta rubuta Modern Cookery for Teaching and the Trade, mujalladi biyu, wanda ya fara fitowa a tsakiyar shekarun 1960, kuma a gaskiya babban aikinta shi ne ta zauna ta mayar da girkin da ake yi da ƙiyasi zuwa giram da mililita da minti, yadda ɗalibi ɗan Punjab zai iya dafa avial, haɗin kayan lambu na Kerala, bai taɓa ganinsa ba. Ɗalibai ƙarni bayan ƙarni da wannan littafi suka shiga kicin. Gwamnati ta ba ta lambar girmamawa ta Padma Shri a 1976, ta rasu a 2009.

Bayan ta Dadar sai aka buɗe ta Pusa a Delhi a 1962, sai ta Madras da ta Calcutta a wajen 1963. Kamfanin otal na Oberoi ya buɗe tasa makarantar a Delhi a 1966. A 1982 aka kafa hukumar ƙasa da ake kira NCHMCT, wadda ta koma ƙarƙashin ma'aikatar yawon buɗe ido a 1984, dan ta daidaita silabus da jarrabawa, kuma yanzu akwai IHM 21 na gwamnatin tarayya ban da na jihohi da masu zaman kansu. Ana shiga ta jarrabawar ƙasa, digirin shekara uku ne. Makarantar Welcomgroup ta Manipal ta zo a 1986.

Yadda karatun yake

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne ɗalibin girki a Indiya ba da girkin Indiya yake farawa ba. Shekarar farko a kicin ɗin horon farko da suke kira BTK, kusan komai na Faransa ne: yadda ake riƙe wuƙa, sunayen yankan kayan miya da Faransanci, romon ƙashi, manyan miyoyi biyar na Turawa, tsarin muƙaman kicin na shahararren kukun Faransa Escoffier. Dalili kuwa makarantun an gina su ne dan su samar wa manyan otal ma'aikata, kuma otal ɗin wancan zamani abincin Turawa suke ɗauka da daraja. Abincin gida sai a shekara ta biyu yake samun fili sosai, a kicin ɗin QTK inda ake dafa abinci mai yawa, sau da yawa ma shi ne abincin ranar ɗaliban makarantar baki ɗaya, to ka ga idan gishiri ya yi yawa mutum ɗari biyu ko uku ne za su sani. A nan ake bin yanki-yanki, yau Punjab, wani satin Bengal, Goa, Chettinad, Hyderabad, Awadh, Gujarat, Kashmir. Akwai kuma 'yan watanni na zuwa aiki a otal na gaske. Shekara ta uku a koma girkin ƙasashen waje.

Darasin farko na ɓangaren Indiya yawanci kayan ƙamshi ne. Ana jera su a faranti ɗalibi ya gane su da ido da hanci: kurkum, citta, tafarnuwa, kanumfari, kirfa, masoro, hulba, habbatussauda, tsamiya, barkono, sai irin su jeera da dhania da elaichi da ƙwayar mastad da hing mai ƙarfin wari. Ana koya masa wanne ake sa wa a mai da farko yana ɗanye, wanne ake gasawa a busasshen kasko kafin a niƙa, wanne ake barbaɗawa a ƙarshe kamar garam masala dan kar ƙamshin ya gudu. A nan ne kuma ake gaya masa cewa garin kori na gwangwani da duniya ta sani haɗin 'yan kasuwar Ingila ne, ba haka uwar gida a Indiya ke girki ba, kowane abinci da nasa haɗin. Barkono da tumatir da dankalin Turawa ma ba 'yan asalin ƙasar bane, daga nahiyar Amurka suka fito, Turawan Fotugal da suka iso gaɓar Calicut a 1498 su suka buɗe hanyar zuwansu, kafin nan masoro ne ke ba da yaji.

Sai dabarun wuta, kuma nan ne littafi ke gazawa. Tadka, wasu su ce baghar ko chhonk, shi ne a zafafa mai ko man shanu a jefa ƙwayoyin ƙamshi su fashe sannan a juye a kan dal, wato miyar wake. Tsakanin mastad ya fara tsalle da ya ƙone ya yi ɗaci daƙiƙoƙi ne kaɗan, malami zai tsaya a bayan ɗalibi ya ce saurara, idan ƙarar ta ragu to sauke. Bhunao shi ne soya albasa da citta da tafarnuwa da tumatir da garin ƙamshi ana juyawa ana yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan duk sanda ya fara kamu, har sai mai ya rabu ya taso a gefen tukunya, duk wadda ta iya soya miyar dage-dage ta san wannan alama. Littafi zai ce minti ashirin, amma albasar damina da ta rani ba ɗaya bace, dole ido ya yi aiki. Dum shi ne a rufe tukunya a liƙe bakin murfin da kwaɓaɓɓen gari, a sa wuta kaɗan a ƙasa da garwashi a sama abinci ya nuna da tururinsa, haka ake biryani, wanda ake tafasa shinkafarsa ta kai kamar kashi 70 cikin ɗari kafin a shimfiɗa ta a kan nama. A Hyderabad akwai kacchi inda naman ɗanye ne aka jiƙa a kindirmo, ya nuna tare da shinkafar, wannan shi ne mai wuyar. Dhungar kuwa garwashi ake sa wa a ɗan ƙoƙo a tsakiyar abincin, a ɗiga man shanu a rufe hayaƙin ya shiga.

Kwalejoji sun kuma tsara abin da suke kira miyoyin tushe, kwatankwacin na Faransa: makhani ta tumatir da bota da kirim, farar miya ta dafaffiyar albasa da kashu da kindirmo, mai ruwan ƙasa ta soyayyar albasa da tumatir, koriya ta ganyen palak mai kama da alayyafo. Da su otal ke iya fitar da kala talatin cikin sauri. Masu suka na cewa wannan tsari ne ya sa abincin otal ke yin ɗanɗano iri ɗaya kuma ya fifita na arewacin ƙasar, masu kare shi na cewa babu yadda za a ciyar da baƙi ɗari biyar ba tare da shi ba.

Tandoor darasi ne mai zaman kansa. Tanderun yumɓu ne irin wanda masu gurasa ke amfani da shi a Kano, sunan ma tushensu ɗaya, zafinsa kan haura digiri 400. Ɗalibi zai shimfiɗa gurasar naan a kan ɗan matashi ya zura hannu ya manna a bangon ciki, cikin minti ɗaya ko biyu ya ciro da ƙarafuna biyu dogaye, na farko-farko dai sukan faɗa cikin gawayi kuma gashin hannu ba ya tsira. Shaharar tandoor a gidajen abinci ta biyo bayan rabuwar Indiya da Pakistan a 1947, lokacin da 'yan gudun hijira daga Peshawar suka buɗe Moti Mahal a Daryaganj ta Delhi. Wanda ya ƙirƙiro kazar makhani a cikinsu magana ce da ta kai gaban babbar kotun Delhi a 2024.

A ɓangaren kudu ana koyon ƙullun shinkafa da waken urad da ake bari ya kwana ya tashi, da shi ake dosa mai kama da sinasir amma siriri, da idli da ake turarawa, da sambar da ake sa wa tsamiya da 'ya'yan zogale. Kayan zaƙi kuwa ana gwada sikarin da yatsa biyu, zare ɗaya ko zare biyu.

Cin ganyayyaki

Indiyawa da yawa ba sa cin nama, mabiya addinin Jain ma ba sa cin albasa da tafarnuwa da duk abin da ke girma a ƙarƙashin ƙasa, kuma shekaru da yawa wannan ya hana 'ya'yansu shiga makarantun saboda firaktikal na nama dole ne. Daga wajen 2016 aka fara ba da zaɓin yin digirin ba tare da taɓa nama ba a Ahmedabad da Bhopal da Jaipur, daga baya aka faɗaɗa.

Ustazai da masu digiri

Duk da yawan makarantu, manyan otal ba su daina neman 'yan gado ba. Imtiaz Qureshi na Lucknow, wanda bai yi kwaleji ba, shi ne ya jagoranci kicin ɗin Dum Pukht a otal ɗin Maurya na Delhi a ƙarshen shekarun 1980, ya samu Padma Shri a 2016, ya rasu a 2024, kuma masu digiri da yawa a gabansa suka koyi abin da silabus bai ba su ba. Daga ɓangaren kwaleji akwai Sanjeev Kapoor da ya gama Pusa a 1984 ya shahara a talabijin, da Vikas Khanna da ya yi karatu a makarantar Manipal wanda ya kafa gidan adana tsofaffin kayan girki a makarantar a 2018. Ƙorafin cewa ba a ba girkin gida haƙƙinsa ba yana cikin abin da ya sa gwamnati ta kafa Indian Culinary Institute a Tirupati, da reshe a Noida, wadda aikinta har da bincike da rubuta girke-girken yankuna kafin tsofaffin da suka iya su su ƙare.

A wajen Indiya

A Ingila, inda yawancin gidajen kori na 'yan Bangladesh ne daga Sylhet, gwamnati ta tallafa wa wasu kwalejoji biyar a wajen 2012 su horar da kuku bayan an tsaurara dokar shigo da su daga waje, sai dai ɗalibai ba su zo da yawa ba. A Amurka girkin Indiya yawanci 'yan kwanaki ne a cikin kwas ɗin abincin Asiya.