Abin da Kiɗa Ke Yi Wa Mai Kallon Fim: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya kawo kiɗa cikin fim tun farko? Ba labari da hoto ne ginshiƙin abin ba?

Kiɗa ya riga magana shiga silima. Daga 1895, lokacin da 'yan'uwan nan biyu, Lumière, suka fara nuna finafinansu a birnin Paris, har kusan shekara talatin bayan nan, fim ba ya magana. Amma ba a shiru ake kallonsa ba. Ƙananan gidajen silima sukan ajiye mai piyano a gaban allo, manya kuma su ɗauki ƙungiyar makaɗa sukutum. Shi makaɗin yana kallon abin da jama'a ke kallo, in an shiga tsere ya ƙara sauri, in an yi mutuwa ya sassauta.

Da magana ta shigo, musamman bayan fim ɗin The Jazz Singer na 1927, sai wasu masu shirya fim suka fara ɗari-ɗari da kiɗan. Tsoronsu shi ne mai kallo zai tambaya: mutum biyu suna hira a tsakiyar daji, to daga ina wannan kiɗa yake fitowa? Ashe ba mai tambaya. Max Steiner ya tabbatar da haka a 1933 da kiɗan King Kong. Gwaggon birin da ke fim ɗin ɗan mutum-mutumi ne da ake motsawa kaɗan-kaɗan ana ɗauka, amma kiɗan ya ba shi nauyi da ban tsoro, ya kuma sa aka tausaya masa a ƙarshe.

Ta yaya sauti zai canza abin da nake ji alhali hoton bai canza ba?

Ɗauki mace tana tafiya a wani dogon baranda, ta nufi wata rufaffiyar ƙofa. Fuskarta ba ta nuna komai. Sa mata sarewa mai taushi, za ka rantse masoyinta ne a bayan ƙofar. Cire sarewar, ka sa wani amo mai kauri da ke ta kumbura a hankali, sai ka ji kana son ce mata ta juya. Hoto yakan bar ƙofofin fassara da yawa a buɗe, kiɗa kuwa shi ke zaɓa maka wadda za ka bi, kuma yana yin haka ne kafin hankalinka ya gama auna abin da idonka ya gani.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai sauri: bugu mai gaggawa yana kama da zuciyar mai gudu, jiki kuma yakan amsa. Akwai kaurin sauti: a duniyar zahiri manyan abubuwa ne ke da murya mai kauri, tsawa da zaki da babbar mota, don haka amo mai kauri yana sanar da cewa wani abu da ya fi ƙarfinka yana kusa. Siririn sauti mai kaifi kuwa yana kama da ihu. Sai kuma jira. Kunne ya saba idan kiɗa ya tashi zai sauka ya huta a wani wuri, to idan mai tsara kiɗan ya hana shi saukar, sai mai kallo ya kasa sakin jiki.

Misalin da ya fi kowanne fito da wannan shi ne Jaws na 1975, labarin wani ƙaton kifi mai cin mutane. John Williams ya ɗauki sautuka biyu kacal, masu kauri, maƙwabtan juna, yana maimaita su suna ƙara sauri. Injin kifin da aka ƙera don fim ɗin ya yi ta lalacewa lokacin ɗauka, saboda haka a wurare da yawa ba a ganin kifin, kiɗan ne ke tsaya masa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Williams ya riƙe amanar mai kallo. A inda wasu yara suka ɗaura ƙayar kifi ta bogi suka firgita masu wanka, bai sa kiɗan ba, domin ba kifin ba ne. Da mai kallo ya gama yarda cewa in babu kiɗa babu haɗari, sai can gaba kifin ya ɓullo a bayan jirgi ba tare da gargaɗi ba. Firgicin wannan wuri, an shafe rabin fim ana gina shi a kunnen mutum.

Haka ma Psycho na 1960. Alfred Hitchcock ya so a bar wurin kisan da aka yi a banɗaki babu kiɗa. Bernard Herrmann ya rubuta duk da haka, ya sa goge suna ƙara mai kaifi kamar sara, da Hitchcock ya ji sai ya sauya ra'ayi. Duk kiɗan fim ɗin da kayan tsirkiya kaɗai aka yi shi.

Yanayi na gane. Amma ta yaya kiɗa zai gina halin mutum?

Ta hanyar take. A ba jarumi ko mugu ko wani wuri ɗan gajeren kiɗa nasa na kansa, a riƙa sa shi duk lokacin da ya bayyana, har kunne ya ɗaure su wuri guda. Dabarar ta girmi fim. Richard Wagner na Jamus ya yi suna da ita a wasanninsa na dandamali tun ƙarni na 19, masu kiɗan fim na farko kuma, da yawansu daga Turai suka je Amurka, suka tafi da ita.

Sai dai sanar da isowar mutum shi ne ƙaramin aikin take. Babban aikinsa yana cikin canzawa. Taken Darth Vader, wanda Williams ya tsara a 1980 don jerin Star Wars, kiɗan maci ne na sojoji, da ƙahonni da ganguna, duk inda ya tashi ka san iko da zalunci sun iso. A fim na 1983, lokacin da aka cire wa mutumin hular ƙarfensa yana gab da mutuwa a hannun ɗansa, wannan taken dai aka sa, amma a hankali, a kan siraran tsirkiyoyi. Babu wanda ya tsaya yana bayanin cewa dodon ya koma tsoho mai rauni. Kiɗan da ka yi shekaru kana tsoro ne ya faɗa maka.

Akwai kuma inda kiɗan ke riƙe da sirrin mutum. A Once Upon a Time in the West na 1968, jarumin ba shi da yawan magana, ɗan abin busa na baki yake hurawa, sautinsa mara daɗi, kamar mai kukan da ya maƙale. Ennio Morricone ne ya tsara shi. Sai a ƙarshen fim ake gane cewa tun yana yaro aka cusa masa abin busar a baki ranar da aka kashe ɗan'uwansa. Ashe duk tsawon fim ɗin ciwon da ke ransa ake ji, ba a sani ba. A ganina nan ne kiɗan fim ya fi daraja: inda yake faɗin abin da mutum ba zai iya faɗa da bakinsa ba, ko abin da shi kansa bai san yana ɗauke da shi ba.

Mutanen cikin fim suna jin kiɗan da muke ji?

Wani suna ji, wani ba sa ji. Rediyon da ke cikin mota ko makaɗan da ke wurin biki, na cikin labari ne, kowa a wurin yana ji. Wanda aka ɗora daga baya kuwa namu ne mu kaɗai. Masu basira sukan yi wasa da iyakar da ke tsakani. A shirin talabijin na Game of Thrones, an daɗe ana koya wa masu kallo cewa wata waƙa ta gidan Lannister ce, kuma labarin hallaka abokan gaba take bayarwa. A wani kashi na 2013, ana tsakiyar walimar aure sai makaɗa suka fara kaɗa ta. Uwar da ke zaune a wurin ta gane, mai kallo ma ya gane, a lokaci guda, kafin a zare wuƙa ko ɗaya.

Wannan ba yaudara ba ce? Ana tilasta mini in yi kuka ko in ji tsoro.

Tambayar tana da gaskiya a cikinta. Duk abin da ke fim, daga haske har inda aka dasa kyamara, an tsara shi ne don ya taɓa ka, kiɗa bai fi su laifi ba. Inda matsalar take shi ne idan aka ɗora wa kiɗa nauyin da labari ya kasa ɗauka. Marubuci bai sa ka damu da wannan mutum ba, ɗan wasa bai shiga rigar halin ba, sai a kwararo goge mai ban tausayi a ce ka yi hawaye. Mai kallo yana jin wannan ko da ba zai iya bayyana shi ba. Shi ne yake cewa fim ɗin ya cika ƙaƙale.

Akwai wata illar da ta fi wannan muni, kuma ba a cika maganarta ba. Kiɗa yana iya yanke wa mutane hukunci. An daɗe a wasu finafinai ana sa wani irin kiɗa da zarar an nuna wata ƙabila ko wani yanki na duniya, kiɗan da ke cewa nan akwai haɗari ko ci-baya, tun kafin kowa ya buɗe baki. Tunda ba da kalmomi aka faɗa ba, da wuya a yi gardama da shi, sai ya zauna a zuciya. Wannan ya sa nake ganin ya kamata mai kallo ya riƙa lura da abin da ake kaɗa masa.

Kowa a duniya yana fahimtar kiɗa iri ɗaya ne?

Wani ɓangare kawai. Sauri da ƙarfin sauti da ƙara ta ba-zata suna aiki kusan a kan kowa. Amma cewa wannan salo na baƙin ciki ne, wancan na soyayya, yawanci koyo ne, kuma finafinan da mutum ya taso yana kallo suna cikin malamansa.

Silimar Indiya ta nuna cewa hanya ba ɗaya ba ce. Tun fim ɗinsu na farko mai magana, Alam Ara na 1931, waƙa take tsakiyar labari. Abin da wani darakta zai bar wa kiɗan bayan fage, a can sai a tsayar da tafiyar labarin a rera shi a fili, da baitoci. Mawaƙa irin su Lata Mangeshkar sun shafe gomman shekaru suna ba jarumai mata murya, har ta kai masu kallo sukan san irin halin jaruma daga muryar da aka zaɓa mata.

Da me talabijin ya bambanta?

Da tsawon lokaci. Fim yana da awa biyu, shiri mai dogon zango kuwa yana da shekaru, don haka take yana iya girma tare da mai shi, ya tsufa, ya karye. Kiɗan buɗe shiri ma yana da nasa aiki: cikin ɗan lokaci yake ɗauko mutum daga harkokinsa ya mayar da shi duniyar da ya bari makon jiya.

Amma gaggawa da ƙarancin kuɗi sun fi damun talabijin. Sau da yawa ba a ɗaukar mai tsara kiɗa, sai a sayi wanda aka riga aka yi a ajiye, a shimfiɗa shi daga farkon kashi har ƙarshe, wani lokaci ma yana danne maganar 'yan wasa. Kiɗan da ba ya tsayawa, kunne yakan daina jin sa, kamar ƙarar fanka a ɗaki. Shi ya sa rashin kiɗa ma kayan aiki ne. The Birds na 1963 ba shi da kiɗa irin wanda aka saba, sai kukan tsuntsaye da aka sarrafa da na'ura. No Country for Old Men na 2007 kusan babu kiɗa a cikinsa, kuma wannan ne ya sa takun mugun da numfashin wanda yake farauta suke da nauyi haka.

A aikace, yaya ake yin sa? Wa ke yanke shawara?

Yawanci mai tsara kiɗa yana shigowa ne bayan an gama ɗauka an fara tacewa. Sai su zauna da darakta su kalli fim ɗin tiryan-tiryan, suna tsayar da inda kiɗa zai shiga, inda zai fita, da abin da ake so ya faɗa. Kafin nan, mai tace hoto yakan ɗora kiɗan wucin gadi da ya aro daga wasu finafinai don a ji yadda abin zai kasance. Nan ake samun tangarɗa, domin darakta yakan shaƙu da na aron, sai ya ce wa mai tsarawa ya yi masa irinsa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa finafinai da yawa suke kama da juna a kunne. Stanley Kubrick ma, a 2001: A Space Odyssey na 1968, ajiye kiɗan da Alex North ya rubuta masa ya yi, ya riƙe tsofaffin kaɗe-kaɗen da ya fara gwadawa da su.

Wasu kuwa sukan juya tsarin. Darakta Sergio Leone yakan sa Morricone ya rubuta kiɗan tun kafin a fara ɗauka, a riƙa kunna shi a wurin aiki, 'yan wasa da mai kyamara su daidaita motsinsu da shi. Hildur Guðnadóttir, 'yar ƙasar Aisilan, ta yi haka a Joker na 2019: daga karanta rubutun labarin ta tsara kiɗan a kan babban goge, aka kunna shi lokacin ɗauka, ɗan wasa Joaquin Phoenix kuma ya gina wata rawa ta jarumin a kansa. Aikin ya ba ta kyautar Oscar a 2020.