Nakasar kofato a barewar daji

Nakasar kofato yanayi ne da kofaton barewa ke yin tsawo fiye da kima, ko ya karkace, ko ya tsage, wani lokaci ma ya ɓalle ya faɗi gaba ɗaya. An fi nazarinsa a Arewacin Amurka, a jikin barewa mai farar wutsiya da manyan danginta biyu, wato elk da mus. Kofato abu ɗaya ne da farce, kullum cikin tsiro yake, tafiya a kan ƙasa mai tauri ce ke rage shi. Duk abin da ya taɓa naman da ke tsirar da shi, ko ya hana dabba taka ƙafarta, zai bar alama a jikinsa. Shi ya sa cututtuka mabambanta ke haifar da kamanni kusan iri ɗaya.

Wadda ta fi tayar da hankali ita ce cutar kofaton elk ta jihar Washington a ƙasar Amurka. Tun ƙarshen shekarun 1990 ake ganin guragun elk jefi-jefi a kudu maso yammacin jihar, amma daga 2008 rahotanni suka yawaita, musamman a garkunan Dutsen St. Helens da tuddan Willapa. A 2014 hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar ta alaƙanta cutar da bakteriya mai suna Treponema, dangin wadda ke haddasa gyambon ƙafar shanun madara da aka fara bayyanawa a Italiya a 1974. Ciwon kan soma da ɗan miki a tsakanin yatsun kofato ko a inda fata ta haɗu da shi. Daga nan ya ci zuwa ƙarƙashin tafin, dabba ta daina taka ƙafar, kofaton ya yi ta tsawo yana lanƙwashewa kamar ƙahon rago. A matakin ƙarshe ɓawon kofaton yakan saɓule, ta koma tafiya a kan ɗanyen nama, ta rame saboda ba ta iya bin garke zuwa kiwo. An kuma gano cutar a wasu jihohin: Oregon, sannan Idaho a 2018 da California a 2020.

A 2017 majalisar dokokin jihar ta ɗora wa Jami'ar Jihar Washington jagorancin bincike a kanta. Gwajin da aka yi a can ya nuna lafiyayyun elk na kamuwa idan ƙafafunsu suka daɗe a ƙasar da aka gauraya da kofatan masu ciwo, abin da ya dace da yadda cutar ta fi ƙarfi a wurare masu laima da taɓo. Mazauna yankin da dama sun ɗora laifin a kan maganin ciyawa da kamfanonin katako ke fesawa. Zargin bai tabbata ba, ko da yake tambayar da ke ƙarƙashinsa mai ma'ana ce: me ya raunana dabbobin har ƙwayar ta sami shiga? Babu rigakafi, kuma wankin ƙafa da ake yi wa shanu a gona ba ya yiwuwa ga dabbar dawa.

A gabashi da kudancin ƙasar Amurka kuwa, sanadin da aka fi sani shi ne cutar zubar jini ta EHD, wadda aka fara bayyanawa a New Jersey a 1955, da 'yar uwarta mai sa harshe ya yi shuɗi. Wasu ƙananan ƙudaje masu cizo ne ke yaɗa su a ƙarshen lokacin zafi. Zazzaɓin kan tsayar da tsiron kofato na ɗan lokaci, don haka barewar da ta tsira takan fito da zobe ko tsaga a kewayen kofatanta, sau da yawa a ƙafafu huɗun. Mafarauta kan ga wannan watanni bayan annobar ta wuce.

Abinci ma yana da hannu. Barewar da ta cika tumbi da masarar da mutane ke zuba mata takan sami tsamin ciki, wanda ke kumbura naman cikin kofato, ya sa shi miƙewa gaba ya ɗago baki. Wannan na cikin dalilan da hukumomi ke hana ciyar da namun daji. A yankin Kenai na jihar Alaska, binciken shekarun 1970 ya danganta dogayen kofatan mus da ƙarancin sinadarin jan ƙarfe. A Norway kuma, bakteriyar ruɓar ƙafa, Fusobacterium necrophorum, ta gurgunta barewar ƙanƙara ta daji a yankin Hardangervidda.

Idan ƙafa ɗaya ce tak ta nakasa, mai yiwuwa tsohon rauni ne: karaya, harbi, ko wayar shinge. Ido kaɗai ba ya raba waɗannan dalilai, sai an yanki naman an duba a ɗakin gwaji, saboda haka hukumomi kan nemi mafarauta su kai rahoto ko su miƙa kofatan da suka ga da matsala.