Bazara a gidan sufayen Kirista: me ke canjawa?

Mutane da yawa na ɗauka cewa ranar sufi ɗaya ce, ko sanyi ko zafi. Ba haka ba ne. Amsoshin nan sun dogara ne kan ƙa'idar da Waliyi Benedikt ya rubuta a Monte Kasino da ke Italiya a ƙarni na 6, wadda gidajen sufaye masu yawa ke bi har gobe.

Bazara hutu ce a wurinsu?

A'a. Ƙararrawa na nan, addu'a na nan, sau bakwai da rana, sau ɗaya da dare. Lokutan ne kawai ake gyarawa su bi tafiyar rana.

To yaya ake yi da addu'ar dare, tunda daren bazara a Turai gajere ne?

Daga Ista zuwa 1 ga Nuwamba, a ranakun aiki, ana ajiye karatu uku da aka saba yi daga littafi, sai wani ɗan'uwa ya kawo ɗan gajeren nassi daga Tsohon Alkawari da ka. Amma zabura 12 na daren ba a rage ko ɗaya. Ana gamawa a ɗan fita a biya buƙata, gari na wayewa a koma addu'ar asuba. Wannan wuri na burge ni ƙwarai, domin ya nuna abin da za a iya sassautawa saboda gajiyar jiki, da abin da ba a taɓawa.

Aiki fa?

Daga Ista zuwa 1 ga Oktoba, aikin ƙarfi ake fara yi da sanyin safiya, har wajen ƙarfe 10, sannan a zauna karatu zuwa tsakar rana. Lokacin yankan ciyawa ne da shayar da lambu da tsinkar 'ya'yan itace. Sai ka ga sufi ya naɗe hannun riga, gumi na bin ƙeyarsa, kwando ya kusa cika. Ƙararrawa na kaɗawa zai dire shi nan inda yake ya nufi majami'a, da sauri amma ba da gudu ba. Benedikt ya ce idan talauci ya sa su girbe gonarsu da kansu, kada ransu ya ɓaci, don a sannan ne suka cika sufaye, suna ci daga guminsu.

Gaskiya ne suna barcin rana?

Gaskiya ne, a rubuce yake ma. Bayan abincin rana kowa ya kwanta a gadonsa shiru. Wanda ya fi son karatu ya yi, amma kada ya dami na kusa da shi. Bayan ƙailular a yi addu'a, a koma aiki har yamma.

Suna azumi cikin zafi?

Daga Ista zuwa Fentikos, idin da ke zuwa mako bakwai bayan Ista, babu azumi. Bayan nan ana yi ran Laraba da Juma'a har wajen ƙarfe 3 na rana. Sai dai in akwai aikin gona ko zafi ya tsananta, shugaban gidan na da ikon ɗage shi. Hatta tufafi an yi musu tanadi: mai kauri da sanyi, mara nauyi ko wanda ya sha jiki da bazara.

Baƙo zai iya zuwa?

Sosai, ƙa'idar ta ce a karɓi baƙo kamar Almasihu ne ya zo. A ƙauyen Teze da ke Faransa, inda Ɗan'uwa Roje, wanda ya kafa al'ummar sufayen wurin, ya fara zama a 1940, dubban matasa ke sauka a makonnin bazara. Suna yin addu'a sau uku a rana tare da 'yan'uwan, su kuma sa hannu a shara da wanke-wanke. A ƙananan gidaje ɗakunan baƙi kan cika, shi ya sa ake rubuto wasiƙa tun da wuri a nemi wuri.